Ƙashin Rago a Hannun Nurtas

Merke, watan Janairu

Zuwa ga ƙanwata Zauresh,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Mu nan sai godiya, ban da gwiwata da sanyin bana ya sa a gaba.

A bakin maƙwabta na ji, ba a bakinki ba, cewa ma'aikatar kula da yara ta ba ki riƙon Nurtas, ɗan marigayi ƙanenmu, bayan ta karɓe shi daga hannuna. Wai don kin yi makarantar masu riƙon yara. To, sannu malama. Ni da na goyi biyar na aurar, ashe ban iya ba, sai ke da ko zanen goyo ba ki taɓa wankewa ba.

Ki tuna, ranar da ya shigo gidana na yanka rago, na tara dattawa, ya riƙe ƙashin ƙafar a gabansu, yadda iyayenmu ke yi in za a mai da yaro ɗan gida. Tun ranar nawa ne. Guje-gujen da ya riƙa yi daga gidana, har aka karɓe shi, ƙuruciya ce kawai. Kafin a yanke inda zai zauna dindindin sai an ji ta bakina, kuma cewa zan yi a dawo mini da ɗana.

Ki gaida gida.
Yayarki, Ulbosin

Shimkent, watan Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ba gwiwa sauƙi. Maganar zanen goyo ta yi mini zafi, amma na haɗiye.

A makarantar nan ba wanka da dafa abinci aka koya mana ba. Cewa aka yi yaron da uwarsa ke raye, ko da giya ce ta raba su, kada a toshe masa bakin ambatonta. Sai na ƙyale shi ya yi ta zancen uwarsa Gulnaz, har wata rana muna murza taliya ya gangaro kan ranar ragon. Ya ce tsohon da ya miƙa masa ƙashin ya ce masa, “Daga yau ba ka da wata uwa sai wannan.” Shi kuwa ɗan shekara shida, ya ɗauka karɓar ƙashin da ya yi ce ta kashe uwarsa.

Yaya, duk gudun nan tasha yake nufa, ya je ya gani ko da gaske ta mutu. Ke kuma kin hana a kira sunanta a gidan, wa zai tambaya? Yanzu ina kai shi wurinta a inda ake yi mata magani. Bai sake gudu ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Zauresh

Merke

Zauresh,

Ina gaisuwa. Wato ni ce muguwar ke nan. Ni na saƙa masa safar ulu, ni na ɗora shi kan doki karon farko, ni na riƙa ajiye masa ɓargo ina hana jikokina, amma ke ya buɗe wa cikinsa. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, har abinci ba ya yi mini daɗi.

Faɗa mini gaskiya don Allah, me yake kiran ki? A nan bai taɓa ce mini Mama ba.

Ulbosin

Shimkent

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Goggo yake ce mini, kamar yadda yake ce miki.

In muka isa wurin Gulnaz, sakin hannuna yake yi ya ruga, ni in tsaya bakin ƙofa riƙe da hularsa kamar 'yar rakiya. Kina tsammanin ke kaɗai ke kishi? A duk abin da aka koya mana wannan ya fi wuya: ki riƙe yaro da hannu biyu, kina sane ba naki ba ne ke kaɗai.

Ranar Laraba ma'aikaciyar kula da yara za ta zo jin ta bakinki. Ba zan roƙe ki ba, kin girme ni.

Taki, Zauresh

Merke, watan Maris

Zauresh,

Ta zo, ta sha shayi, na ce a bar shi wurinki. Kada ki yi mini godiya.

Amma bikin Nauriz na bana, bikinmu na sabuwar shekara, kada ku zo. Sallama shi da baki na iya. Ganinsa ya shigo ƙofata riƙe da hannunki ne ban kai ba tukuna.

Allah ya raya shi.
Yayarki, Ulbosin