Ni Na Ce Ta Tafi Aji

Talata, 3 ga Satumba

Ina kan keken ɗinki waya ta yi ƙara, sunan Auta a jiki. Na ɗauka ina cewa, "Malama, an tashi daga aji?" Sai na ji wata murya. Doguwa ce, ƙawarta da suka tafi tare daga jami'a, aikin sa kai na hutu, koyar da yara a wata ƙasa. Ta ce, "Umma, Baba yana kusa?" Ba ta gaishe ni ba. Yarinyar da ke gaisuwa har sai na ce ya isa haka. A nan na gane. Ƙafata tana kan feda, sai da na ƙarasa layin ɗinkin. Ban san dalili ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

A can aka binne ta. Ban ga fuskarta ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Gida cike da mutane. Kowa cewa yake zazzaɓi ne ya zo da ƙarar kwana. Ina amsawa.

Abin da ba su sani ba, ranar Litinin da safe ta kira ni. Haka muka saba, kafin ta shiga aji sai ta fara gwada darasin a kaina. Takan ce, "Umma, in kin gane, yaran ma za su gane." In ce wato ni ce daƙiƙiyar ajin ke nan. Ta yi ta dariya.

Ranar babu darasi. Ta ce kanta kamar ana sara, jikinta zafi, tana ga ba za ta je ba. Na ce, "Malami ba ya fashi. Sha magani ki tafi, yara na jiranki." Ni a aji huɗu na tsaya, malaminmu ya fi zuwa gonarsa a kan ajinmu, har yau abin yana ci mini rai. Da wannan haushin na yi mata magana.

Asabar, 14 ga Satumba

Babansu ba ya cin abinci. Ya zauna bakin gadonta ya ce, "Ni na bar ta ta tafi. Kin ce da nisa, na ce ki ƙyale ta ta ga duniya." Na ce ka yi haƙuri. Iyakar abin da na ce ke nan. Na bar shi da kayan da ba nasa ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Doguwa ta dawo, ta kawo akwatin Auta. Ta rame sosai. Babansu yana wurin aiki.

Ta ba ni labarin makarantar. Ɗaki ɗaya, benci bai isa ba, littafi babu. Ashe ƙyallayen da Auta ta kwashe mini a ƙarƙashin keke, ina faɗa ina cewa me za ki yi da shara, su ta yanka ta yi haruffa, yara na jerawa a ƙasa suna haɗa sunayensu. Wai har faɗa suke a kan jajayen.

Sai ta ce motar da ke kai mutane asibiti da safe kawai take wucewa. Ranar ta ce wa Auta su bi motar, amma Auta ta ɗauki jakarta tana dariya ta ce, "Umma ta ce malami ba ya fashi." A aji ta faɗi.

Doguwa ba da zargi ta faɗa ba, yabo ma take yi. Na tashi na ce zan kawo mata ruwa. Na daɗe ban fito ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Na gaya wa Yaya, babbar 'yar'uwata, maganar wayar ranar Litinin. Ta dube ni ta ce, "Ke likita ce? Ta waya za ki auna zafin jiki?" Na ce ai ni na haife ta, ya kamata in ji a muryarta. Da za ta tafi ta ce, "Mijinki fa? Kina kallo yana ƙarewa." Na ce in ya sani da wane ido zai dube ni. Ta ce, "Da wanda ya saba."

Yaya magana ba ta yi mata wuya.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban buɗe akwatin ba. Na matsar da shi ne kawai don in yi shara.

Litinin, 14 ga Oktoba

Doguwa ta kira. Wasu ɗaliban za su tafi a hutu mai zuwa, haruffan sun fara zarewa, ko akwai sauran ƙyallaye. Na ce zan duba. Ba wani abu ba, don kada su lalace a banza ne na yaye zanin da na rufe keken da shi. Na yanka kaɗan, na kalmashe bakinsu don kada su zare. Jajaye na fi yawaitawa.

Babansu ya ji ƙarar keken, ya zo ya tsaya a ƙofa. Ya ce, "Na me ne?" Na ce na yaran Auta. Ya ja kujera ya zauna yana miƙo mini almakashi, ya juya wani harafi ya ce wannan a birkice na ɗinka shi. Gaskiyarsa. Na buɗe baki, sai na ce ya miƙo mini zare.

Har yanzu yana ganin shi ne. Ban gaya masa ba tukuna.