Ɗakin Mama Mai Lamba Uku

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara.

Na ga hotunan gidanmu a intanet, tun da ka mayar da shi masaukin 'yan gayu. Ya yi kyau, ban hana ba, sai da na ga bishiyar tsakar gida na yarda namu ne. Amma Mama ba ta da lafiya. Tun da ka kawo ta wurina, bene hawa na biyu, kullum da safe sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce a kai ta gida. Abinci sai da lallashi. Likita ya ce mantuwar da ke damunta ƙaruwa take yi, kuma ba abin da zai kwantar mata da hankali kamar inda ta saba. Don Allah ka bar mata ɗakinta. Ɗaki ɗaya fa, Yaya. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka, Auta.

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, suna gaishe ki.

Ke dai ba kya rabo da tayar da hankali. Ɗakin Mama shi ne lamba uku, kuma shi baƙi suka fi rububi, an kama shi har ƙarshen shekara. Mai tsara ɗakunan ba ta zubar da komai nata ba, sai ma daraja da ta ƙara wa kayan. Ku zo ranar Talata, baƙo zai fita da hantsi, wani kuma ba zai shigo ba sai la'asar. Ga jakar tafiya da muke sayarwa nan na aiko mata, da matashin wuya da silifas mai tambarinmu.

Ki gaishe ta. Yayanki.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Mun je, kai ba ka nan.

Matashin wuya kuma! Matar da ko kasuwa ba ta zuwa. To, ka ji yadda aka yi. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ba mu kati maimakon mukulli. Mama ta cire takalmi, ta ɗosana a gefen gado, ta raɗa min kada in taɓa kayan mutane. Kwanukanta an huda su an rataye, kowanne da ƙwan lantarki a ciki. Akwatin ƙarfenta ya zama teburin shayi. Ta leƙa banɗaki ta tarar da ƙafafun keken ɗinkinta, an cire kan, an ɗora abin wanke hannu a kansu. Ta daɗe tana taka fedar da ƙafa. Ta ce, "Allah sarki, irin nawa ne. Wane marar imanin ya yi masa haka?" Sannan ta ce otal ɗin ya yi kyau, amma mu tafi gida kafin masu wurin su gaji da mu. A mota na yi kuka har na kasa tuƙi.

Auta.

Auta,

Sallama. Na kasa cin abinci bayan karanta saƙonki. Na soke baƙin lamba uku gaba ɗaya. Kan keken ba a san inda ya shiga ba, kwanukan kuma sun riga sun huje, amma ɗakin nata ne. Ki kawo ta.

Ki roƙa min ita gafara. Yayanki.

Yaya,

Sallama. Na gaya mata ɗanta ya ce ta koma ɗakinta. Ta yi murna har da hawaye, ta yi ta sa maka albarka. Ta ce mu wuce kai tsaye, kada in sake biyawa da ita otal ɗin nan.

Yaya, faɗa min inda zan kai ta.

Ƙanwarka, Auta.