Rumfar da Baba Yake Jira

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga wadda ta goya ta, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Rannan a waya kin ce kumburin ya sauka, amma na san halinki, ko kina rarrafe sai ki ce da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Maigidana Malam yana nan yana fama da shago, 'yar autata ta fara aiki a asibiti, kullum ta dawo sai ta auna mana jini ko ba mu tambaya ba. Baba ma da sauƙi, sai dai numfashin nan da kika sani. Saboda shi na ɗauki alƙalami. Na zaɓi rubutu ne don in na fara a waya za ki katse ni, muryata kuwa ba ta taɓa iya gasa da taki ba tun muna yara.

Tun da likita ya ce lallai Baba ya riƙa taka ƙafa kowace safiya, nake raka shi lambun shaƙatawa na ƙaramar hukuma da ke ƙarshen layinmu. Da an shiga ƙofa akwai wani benci a ƙarƙashin babbar bishiya, to daga gida zuwa bencin nan iyakar numfashin Baba ke nan. Sauran kujerun suna can tsallake wajen lilon yara, a tsakar rana. Mun taɓa gwada isa can, sai da aka ɗauko shi a mota. A bencin nan yake zama da carbinsa, ya gaisa da masu shara, ya tsokani 'yan makaranta, ya ce wa wannan matarsa, ya ce wa wancan ya sace masa sanda. In ya dawo yakan ci abinci har ya nemi ƙari. Ranar da ba mu je ba kuwa, sai ya wuni yana kallon bango. Yaya, duk duniyar da ta rage wa mahaifinmu a wajen ɗaki, bencin nan ne.

To inuwar da ta yi wa Baba daɗi ita ta yi wa mashaya taba daɗi. Ma'aikatan ofisoshin da ke tsallaken titi da direbobi masu jiran fasinja, nan suke taruwa. Ƙasan bencin ba ya kalluwa: guntayen sigari, toka, ga kaki ko'ina, sai na shimfiɗa tsohon zane kafin Baba ya ajiye ƙafa. Yanzu kuma an shigo da wani sabon abu, sigarin lantarki, mai batir. Wani kamar alƙalami, wani kamar kwalbar jan-baki, launi-launi. Mutum ya zuƙa sai ya fesar da hayaƙi kamar an buɗe tukunya, ƙamshinsa kamar alawa, masu shan har da 'yan mata da jakar makaranta a baya. Baba sai ya yi ta tari har hawaye, kuma ba ya ce musu komai sai sannunku da hutawa. Ni kuwa da na dawo gida nake jefa hijabina a ruwa, don ba zan iya tsayawa gaban Ubangijina da wannan warin a jikina ba.

Shi ya sa da aka ce majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna kan hana shan taba da na lantarkin a lambuna, kuma an yarda jama'a su zo su faɗi albarkacin bakinsu, na yi hamdala. Na ce ai muna da namu a ciki, tun da Autanki kansila ne. Ya zo gaishe mu ana saura kwana kaɗan, Baba yana ta yi masa tsiya wai tun da ya samu kujera tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Na ja shi gefe na yi masa maganar, ya ce Inna ki kwantar da hankalinki, kamar an yi an gama. Ki riƙe wannan kuma: an daɗe in ya rusuna gaishe ni ina jin wani ƙamshi mai zaƙi a rigarsa. Na sha yaba turaren nan, har na ce ya sayo mini kwalba ɗaya in riƙa sa wa a kayan Baba. Ya yi dariya ya ce ba na mata ba ne.

Kin san ba na son faɗar abin da ba zan iya nunawa ba. Don haka da safen ranar zaman na ɗauki tsohon cokali da leda biyu, na tsince abin da ke ƙasan bencin, guntaye da matattun na lantarkin da aka yar. Na ƙulle na tafi da shi. A ƙofar sakatariya mai gadi ya ce in buɗe. Yana leƙawa ya kau da kai ya toshe hanci, ya ce Hajiya ba a shiga da taba nan, doka ce tun da daɗewa, ko a harabar ba a sha. Na ce ai waɗannan sun mutu, shaida ce na kawo. Ya ce ko gawarsu ba ta shiga, don shugaban ƙaramar hukuma ba ya son warin. Na ce ya riƙe mini, ya ce shi ma yana da hanci. Da ƙyar ya bari na ajiye bayan tukunyar fulawa. Ashe sun san abin ƙazanta ne, Yaya. Sun daɗe da tsare nasu ƙirjin, na mahaifinmu ne ake sa wa a muhawara.

Abin da na gani a cikin zauren nan, Allah ya isa. Wani kansila ya ce iskar waje ta kowa ce, wanda hayaƙi ya dama ya matsa. Wani ya ce na lantarkin ai tururi ne kawai, in za a hana shi sai a hana mata dafa ruwa, aka kwashe da dariya har da buga tebur. Mai kanti na bakin lambun ya ce in aka hana, iyalinsa za su kwana da yunwa, shi kam na ji tausayinsa, don shi kaɗai ya faɗi abin da ke ransa. Wata likita ta tashi tana bayanin abin da ke cikin tururin, ba ta kai rabi ba aka kaɗa mata ƙararrawa. Akwai wani mai babbar murya da ya fi kowa kumfar baki a kan a hana, yana cewa lafiyar 'ya'yanmu, lafiyar iyayenmu, har na ji ƙwalla ta taho mini. Da aka tafi hutun rabin lokaci na fita neman wurin alwala, sai ga shi a bayan ɗakin janareta tare da mai maganar dafa ruwa, ɗaya na kunna wa ɗaya sigari.

Da aka dawo aka ba ni dama. Na miƙe na fara magana, aka yi ta cewa in ɗaga murya. Na faɗi abin da idona ya gani, na ce ina da tsoho mai ciwon ƙirji da ba shi da wurin shan iska sai lambun nan. Sai mai maganar dafa ruwa ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa hayaƙin lambu ne ya sa wa tsohon ciwo. Yaya, yaya zan rantse? Ciwon Baba ya riga lambun, kuma likita ya ce akwai shekaru a ciki. Na ce ba zan rantse ba, abin da na sani shi ne yana shiga lafiya ya fito yana tari. Bai bari na rufe baki ba ya juya ya ce to kun ji, 'yarsa ma ta ce ba ta da tabbas. Haka aka ɗauki rabin maganata aka yar da rabi ina tsaye. Na dubi Auta, yana ta latsa waya.

Can sai ya miƙe. Ban taɓa sanin ɗanki ya iya magana haka ba. Ya ce kada a zalunci kowa, a hana a ko'ina cikin lambun amma a ware wa mashaya kusurwa guda, a yi musu rumfa da abin zuba toka. Aka baje taswirar lambun, ya ɗora yatsa ya ce nan ya fi dacewa, kusa da ƙofa, ƙarƙashin babbar bishiya, tun da da ma can suka saba taruwa. Na ɗaga hannu, aka ce lokacin jama'a ya wuce. Aka ɗaga hannuwa, shawararsa ta ci, aka yi masa tafi, shugaba ya ce ga matashi mai hangen nesa.

Na jira shi a waje, ledata a hannu. Na ce masa wurin da ya nuna nan kakansa yake zama kullum. Wallahi bai sani ba, na ga hakan a fuskarsa, kuma wannan ya fi mini ciwo, don da ya taɓa raka tsohon nan ko sau ɗaya da ya sani. Ya ce an riga an zartar, in ya koma ya ce a canja za a ce ya mai da hukuma ta gidansu, Baba ya koma wani bencin mana. Na ce wani bencin da wane numfashi? Ya ce Inna ba za ki gane ba, siyasa ce, bari in kai ki gida. Ya sa hannu aljihu zai zaro makullin mota, sai wani ɗan abu ruwan hoda ya faɗo a gabana. Irinsa ne sak da waɗanda ke cikin ledata. Ya yi wuf ya ɗauke, amma ƙamshin ya riga ya iso. Turaren da na yi ta yabo ke nan, wanda na so in sa wa Baba a kaya. Ban shiga motar ba. Na miƙa masa ledar na ce ya riƙe, tunda shi ba a hana shi shiga da ita ba, na tako da ƙafata.

Na yi ta juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don malaminmu na allo ya tsoratar da mu a kan cin naman mutum a bayansa, kuma yaron nan a bayana ya yi barci ba sau ɗaya ba. Shi ya sa na kira shi na gaya masa zan sanar da ke duka, har abin da ya faɗo daga aljihunsa, don kada ya ce na zagaye shi. Ya ce don Allah in rufa masa asiri. Na ce ban gaya wa kowa ba, ko Malam, kuma uwa ba bare ba ce. Shan da yake yi tsakaninsa ne da Mahaliccinsa da ke, ni addu'a ce tawa. Bencin nake nema.

Ga inda aka tsaya. Ma'aikata sun zo sun kafa ƙarafa huɗu kewaye da bencin, sun ja igiya, don haka kwanakin nan a gida muke. Ranar da muka tarar da su Baba ya tambayi ko mene ne, wani daga cikinsu ya ce rumfa ce kansila wane ya sa a yi, ya kama sunan Auta. Yaya, da kin ga fuskar Baba. Ya ce ashe mai tumbin nan yana sane da shi, ya ga damina na tafe ya ce kada ruwa ya doki kakansa. Tun daga ranar duk wanda ya shigo gidan sai ya ba shi labari, bayan kowace salla sai ya sa masa albarka. Ina cewa amin, don albarka ba a hana ta. Amma da ya tambaye ni ko ba haka ba ne, sai na tashi na ce na bar abu a wuta. Ba zan yi wa mahaifina ƙarya ba, kuma bakina ya kasa gaya masa gaskiya.

Don haka ki kira ɗanki, ke yake jin tsoro. Abu biyu ne: ko ya koma majalisarsu ya sa a matsar da rumfar can bayan lambun kafin a ɗora kwano, su kira shi duk sunan da za su kira shi, ko ya zo da ƙafarsa ya durƙusa gaban Baba ya gaya masa wa aka gina wa. Ni ba zan ɗaukar masa wannan ba.

Malam yana gaishe ki da maigidan. 'Yar autata ta ce ki rage gishiri. Ki gaishe mini da babbar 'yarki da mijinta, da amaryar gidan, da takwarata mai kukan banza, ki ce ina nan tafe da bulala. Baba ya ce a gaishe ki, a kuma gaya miki kin haifi ɗa. Jiya ya sa na fito masa da farar rigarsa ta zuwa masallaci, wai ita zai sa ranar da zai fara zama a rumfarsa. Na wanke ta, tana nan a rataye. Ban goge ba tukuna, ina jiran amsarki.

Wassalam. Taki har kullum,

Ƙanwarki