Kwana huɗu na ƙi sabunta madubin

Malama Lami, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cina.

Ina aiki a Dakoro da wata ƙungiya mai rigakafin dabbobi. Manhajar da ma'aikatanmu ke rubuta garke da ita a Maradi ake gina ta, a ma'ajiya guda da ke riƙe kowane gyara da sunan mai shi. Saboda rezo ɗinmu na intanet ba tabbas, ina riƙe kwafinta a ordinatar buro, wato kwamfutar ofis, muna ce masa madubi. Kullum da safe in jawo sabon abin da aka yi can, ma'aikata su ɗauka. Ina gani, amma ba ni da izinin canza ko harafi.

Mai izinin Jimrau ne. Tare muka yi lise, wato sakandare, ni na fara nuna masa wannan aikin. Yanzu duk safiya sunansa nake karantawa, Jimrau, Jimrau, nawa babu ko sau ɗaya. Da shef, shugabanmu, ya yabe shi a taro kan wani gyara da ke hana rubutu gogewa, sai na ƙi jawo gyaran har kwana huɗu. Na ce rezo ne. Intalla, ma'aikaciyarmu, ta tafi Adjekoria wajen makiyaya da tsohuwar manhajar, ta wuni cikin rana, duk abin da ta rubuta ya goge. Makiyayan sun tashi kafin ta koma. Har hannu ta ba ni wai ina ƙoƙari. Kuma na ga wani kuskure a aikin Jimrau, na yi shiru ina jiran ya kunyata. Ban taɓa sanin haka nake ba.

Mai Madubi, Dakoro

Ɗana, ciwonka na gaske ne. Aikin da ba a lura da shi sai ya tsaya yana da ɗaci, kuma ya kamata shef ya san da kai. Amma Jimrau bai ƙwace maka komai ba, ƙila ma bai san kana jin haka ba. Wadda ta sha wuya Intalla ce, da makiyayan da ba su san sunan ɗayanku ba.

Ka faɗa wa shef gaskiya kafin ya gano, domin ordinatar tana riƙe ranar kowace jawowa. Ka nemi gafarar Intalla baki da baki. Ka saita madubin ya riƙa sabunta kansa kowace awa, ya aika saƙo idan ya kasa, don kada aikin mutane ya rataya a kan yadda ka tashi.

Kuskuren nan kuma ka gyara, ka tura wa Jimrau ya duba ya shigar da gyaran da sunanka. Ka yi haka sau biyar, sannan ka nemi izinin rubutu kai tsaye. Ka kira shi yau, ba don aiki ba.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa albarka a hannunka.

Malama Lami