Yau Na Shiga Lif, Inna

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Ina Baba da autarmu?

Kin ce na rame a hoto. Ba yunwa ba ce, Inna, matakala ce. Tun ranar da lif, akwatin nan mai kai mutum saman bene, ya maƙale da ni awa biyu, ko ƙofarsa na gani sai numfashina ya ɗauke. Wata bakwai ina hawa bene tara da ƙafa a wurin aiki, ga bokitin shara a hannu. Ban faɗa miki ba, don ban so hankalinki ya tashi ba ne.

Abokiyar aikina ta kai ni wurin wata likita. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ba ni ba! Ta ce, "Taka ƙasa sosai, ɗora hannu a ƙirji. In jiki ya fara rawa, ƙyale shi ya gama." Na ce a raina, wannan ai wasa ne. Sati shida muna yi.

Yau na shiga. Gwiwa ta yi rawarta, ta gaji, ta bari. Sau uku na hau na sauka, mai gadi yana ta dariya.

Ki ci gaba da sa mini albarka. Hoto na gaba kuwa, kumatu za ki gani.

'Yarki.