A Bar Mana Taku Tamanin a Fakon Garinmu

Zuwa ga Baba Shugaban Kwamitin Farfaɗo da Fako na garinmu da ke kan hanyar Barmou.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga abokin mahaifinsa, tare da dattawan kwamiti da masu haƙa, maza da mata. Sannunku da rana, sannunku da diga. Ni ne Isufu, ɗan marigayi Mahamadu na ƙofar gabas, wanda ke aiki a Tahoua. Na rubuto a fili ne domin a fili aka kira sunana, kuma ina so duk wanda ya ji zargin ya ji amsar.

Ranar Asabar da ta wuce na iso bakin fako da hantsi, na tarar an datse mashigar da ƙaya. Malam Abdu mai gadi ya ce kwamiti ya zauna, ya yanke cewa motata ce ta tattake ramukan rabin wata masu tare ruwan sama na gefen gabas, don haka an hana ni shiga, kuma ranar Litinin ta sama za a haƙe sauran filin gaba ɗaya. Ba a kira ni zaman ba. Ga abin da zan faɗa da an kira ni.

Na ɗaya, abin da nake yi a wurin. Na san a gari ana cewa ɗan Mahamadu ya girma ya koma wasan yara. Ba na jin haushi. Abin da nake koyo shi ne zamiyar mota: a sa bayanta ya zame da gangan a lanƙwasa, direba kuma ya riƙe ta har ta miƙe inda yake so. Dalili kuwa, bara da kaka, a hanyar Kalfu, motata ta zame a kan tsakuwa ina ɗauke da mahaifiyata da maiɗakina. Na danne birki iya ƙarfina, wanda shi ne babban kuskure, muka juya muka tsaya cikin gonar gero. Allah ya tsare. Amma na gane shekara goma sha biyar nake tuƙi ban san abin da ake yi ba idan mota ta daina jin magana.

Usta Hamidu, tsohon direban babbar mota mai gareji a unguwarmu, shi ya ce zai koya mini, da sharaɗin ba a kan titi ba. Motar ita ce wadda ka sani, farar nan da nake kawo buhunan hatsi a cikinta. Ba a sauya mata komai ba. Muna jera jarkoki huɗu marasa ruwa, in ɗaura bel, in taho a giya ta biyu, in karya sitiyari, in taka kuloci, in ja birkin hannu in sake.

Baba, faɗa ya fi yi sauƙi. Asabar uku ina mance riƙe maɓallin birkin hannu, sai ya maƙale, motar ta yi juyi irin na akuyar da aka ɗaure a turke, inji ya mutu. Usta yana gefe yana cewa, "Kai malam, jarkar nan bashi take binka? Daina kallonta. Kalli inda za ka, hannu zai bi ido." A Asabar ta tara hannun ya bi idon. Bayan motar ya sulale, na mayar da sitiyari ɓangaren da ta zame ba tare da na yi tunani ba, sai na ga ina tafiya a karkace, ina kallon hanya ta gilashin gefe, jarka tana wucewa kusa da hancin mota ba ta ko motsa ba. Duka bai wuce numfashi biyu ba. Na tsaya, na fito, ina dariya ni kaɗai. Usta ya cire hula ya buga a gwiwa. Shekaruna arba'in da huɗu, kuma ban tuna ranar da na yi murna irin wannan ba tun da aka yi mini haihuwar fari. Tun daga ranar tuƙina ya sauya ko a cikin gari: ina jin ƙasa ta cikin kujera, ina sanin taya za ta saki kafin ta saki.

Na biyu, ramukan da aka tattake. Na je na gan su, kuma raina ya ɓaci kamar naka. Ni ma na haƙa rabin wata a wannan gari, na san yadda diga ke komo wa mutum a kafaɗa, na san ramin da mace ta yini tana yi ba abin takawa ba ne. Amma na duƙa na auna sawun. Tayoyi ne biyu-biyu a manne a kowane gefe, irin na bayan babbar mota, kuma faɗin kowane gefe ya kai tafin hannuna uku. Tayar motata ɗaya ce a kowane gefe, tafi ɗaya da ɗan kai. Sawun bai yi da'ira ba, ya miƙe ne sambal daga hanya. Na bi shi da ƙafa, Malam Abdu yana biye da ni, har ya ƙare a gindin tulin duwatsun da aka sauke domin jerin tare ruwa. Wato motar da ta kawo wa kwamiti duwatsu ce ta yanke hanya. Ban ce an yi da gangan ba. Na ce sawun yana nan, ruwa bai sauka ba tukuna, kowa na iya zuwa ya auna da nasa tafin.

Na uku, laifin da ke kaina. Izinin da na nema na baki ne, wajen maigari, ban zo gaban kwamiti ba alhali filin yana hannunku. Wannan kuskurena ne, ina neman gafara. Sannan wata Asabar ƙarar motar ta watsa awakin wani makiyayi. Na ba shi haƙuri, tun daga nan kuma ba ma farawa sai dabbobi sun wuce.

Na huɗu, wurin da muke amfani da shi. Kusurwar yamma ce, inda ƙasa ta zama falalen dutse. Masu haƙanku sun tsallake ta shekara biyu a jere domin diga ba ta shiga. In aka tilasta aka farfasa ta, ba na zaton za ta riƙe iri, amma tabbas ba za ta sake ɗaukar mota ba. Yanzu mu biyar ne muke zuwa, ciki har da direban motar asibiti da wani malamin makaranta. Kuma ka san abin da matasa ke yi da motoci a rakiyar biki a tsakiyar Tahoua, cikin mutane. Biyu daga cikinsu sun fara tambayar Usta ko zai karɓe su. Zai karɓa in akwai fili. In babu, titi yana nan, ba ya neman izinin kowa.

Saboda haka nake roƙon abu uku. A aiko dattijo biyu su duba sawun kafin Litinin, a wanke sunana a inda aka ɓata shi. A bar mana taku tamanin tsawo da taku tamanin faɗi a kusurwar yamma, safiyar Asabar kaɗai. Mu kuma, mu biyar ɗin, za mu sake tada ramukan da aka tattake da hannunmu, ko da yake ba mu muka taka ba, mu kuma kewaye filin da jerin duwatsu don kada taya ta taɓa ƙetarewa.

Roƙo na ukun shi ne ka zo da kanka wannan Asabar. Ka tsaya nesa ka kalla in ka so. In kuma zuciya ta ba ka, kujerar gaba taka ce, zan tafi a hankali. Bayan nan duk hukuncin da ka yanke na karɓa, ko da hani ne. Abin da ba zan so ba shi ne diga ta riga ka yankewa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba mu damina mai albarka, ya cika kowane rami da ciyawa.

Wassalam.

Ɗanka,
Isufu Mahamadu, Tahoua.