Kada ka ba da tsohon tamfol

Jimet,

Na fita kana barci, motar zuwa garin Biltin ba ta jira. Kununka yana nan a rufe.

Jiya ina jin ku kai da matarka Ashta kuna zaɓen shimfiɗar bayan a-kori-kurar babanka. Kai kana son ta roba mai kauri, ita tana son a ɗaura shuɗin tamfol don kada rana ta taɓa ta. Ka ce mata, "Duk wanda kika zaɓa." Ni ba wanda ya tambaye ni. Shekara ashirin ina zama a bayan motar nan kan buhun albasa, ba wanda ya ce rana tana dukana.

Shi ya sa na ce mata ita ba albasa ba ce da za a rufe ta. Ka ba ta haƙuri, ba ta yi min komai ba.

Ku sa robarku, ku sa shuɗinku. Amma na ji ka ce mai walda ya kwashe tsohon tamfol da katakon ƙasa. Kada ka ba shi. A kan katakon nan aka kwantar da babanka, da tamfol ɗin aka rufe shi, kuka wuce makabarta. Mu mata a bakin ƙofa muka tsaya. Tamfol da katakon nan su sun raka shi, ni ban raka shi ba.

Tamfol ɗin na naɗe, yana ƙarƙashin gadona. Katakon ya fi ƙarfina. Ka shigar min da shi ɗaki kafin in dawo Laraba.

Innarka